Yadda Mai Kallon Talabijin Ya Sami Bakin Magana

Tun ranar da aka fara watsa hotuna ta iska har zuwa shekarun baya-bayan nan, sha'anin talabijin bai wuce na mai jawabi da masu sauraro ba. Tasha ta faɗi, jama'a su ji, wanda bai gamsu ba kuwa sai dai ya kashe akwatinsa, ko ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa manajan shirye-shirye wasiƙa. Shigowar intanet cikin akwatin talabijin ta girgiza wannan tsari, ta kuma ɗora wa masu tsara shirye-shirye wani sabon aiki, watau shirya abin da mai kallo zai zaɓa da hannunsa, har ma ya mayar da amsa nan take.

Wannan ƙoƙari ya girmi intanet ɗin da jama'a suka sani. A ran 23 ga Satumba, 1974, gidan BBC na Ingila ya buɗe wani tsari mai suna Ceefax da shafuka 30. Injiniyoyin gidan sun lura cewa a cikin layuka 625 da ke haɗa hoton talabijin akwai waɗansu da ke tafiya ba kowa a ciki, sai suka cusa rubutu a wurin. Mai kallo kan danna lambar shafi ya karanta labarai, ko sakamakon wasan ƙwallo, ko yanayin sama. To, amma tasha ba ta jin abin da ya danna. Shafukan suna zagayawa ne ɗaya bayan ɗaya, akwatin kuma ya jira har wanda ake nema ya iso sa'an nan ya kama shi. Duk da haka Ceefax ya yi shekara 38 yana aiki, sai a Oktoba 2012 aka rufe shi.

Waɗanda suka fara jin amsar mai kallo da gaske su ne kamfanin Warner na Amurka. A Disamba 1977 suka buɗe QUBE a birnin Kolombus na Jihar Ohayo, da tashoshi 30 masu zuwa gida ta waya, da kuma wata 'yar na'ura mai maɓallai biyar na ba da amsa. Mai gabatarwa zai yi tambaya, mutane su danna daga ɗakunansu, kwamfutar kamfanin ta tattara amsoshin cikin daƙiƙoƙi kaɗan a nuna su a fuskar akwati. An yi gwanjo ta haka, an yi kacici-kacici, an kuma tambayi ra'ayin jama'a kan al'amuran gari. Abin ya ƙayatar, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, domin kuwa kuɗin shimfiɗa waya mai kai da komowa zuwa kowane gida ya fi abin da ake samu. A 1984 aka nannaɗe tabarmar shirye-shiryen.

Abin da ya kayar da QUBE shi ne intanet ta zo ta warware, tun da yake hanyar komowa yanzu tana cikin gidaje da aljifan mutane, ba sai tasha ta shimfiɗa tata ba. A nan ya kamata a fahimci dalilin da ya sa ake haɗa hanyoyin biyu maimakon a yar da ɗaya. Tashar da ke watsa shiri ta iska ko ta tauraron ɗan'adam kuɗi ɗaya take kashewa, ko mutum goma ne ke kallo ko miliyan goma. Ita kuwa intanet kowane mai kallo sai an aika masa da nasa hoton dabam, saboda haka kuɗi da nauyi suna ƙaruwa gwargwadon yawan jama'a. Hikimar ita ce a bar abin da kowa ke so a lokaci guda, kamar labaran dare ko wasan ƙarshe na gasar ƙwallo, ya bi ta iska, sa'an nan abin da mutum ɗaya ke nema shi kaɗai ya biyo ta intanet.

A kan wannan ne tashoshi da masu ƙera akwatuna na Jamus da Faransa suka haɗa kai a 2009 suka fito da ƙa'idar da ake kira HbbTV, wadda hukumar ma'aunan sadarwa ta Turai ta amince da ita a 2010. Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. Tasha kan saka wani ɗan adireshi a cikin siginar shirin da take watsawa. Idan akwatin yana haɗe da intanet, sai wata alama ta bayyana a gefen hoto tana gayyatar mai kallo ya danna jan maɓallin rimot. Da ya danna, akwatin zai bi adireshin ya ɗauko ƙarin abin da tashar ta tanada. Mutumin da ya dawo daga ofis a makare yana iya mayar da shirin farkonsa. Kurma yana iya kiran mai fassara da hannu ya fito a kusurwar hoto ba tare da an tilasta wa sauran masu kallo ganinsa ba. Gidan NHK na Japan ya buɗe irin nasa tsarin, Hybridcast, a 2013, Koriya ta Kudu kuma ta fara watsa shirye-shirye da ƙa'idar ATSC 3.0 a 2017.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Na'ura ta samu, amma me za a zuba a cikinta? Fagen wasanni ne ya fi saurin ba da amsa, domin a can abin nunawa ya fi ƙarfin tasha guda. A gasar tanis ta Wimbledon ta 2001, BBC ta bai wa masu kallo damar zaɓen filin da suke son gani a cikin wasannin da ake yi a lokaci ɗaya. A wasannin Olamfik na Landan na 2012 abin ya kai hanyoyi 24 na kai tsaye, da kimanin awa 2,500 na shirye-shirye. Darakta wanda a da aikinsa shi ne ya zaɓar wa ƙasa baki ɗaya abin da za ta gani, sai ya koma mai shimfiɗa kaya kamar ɗan kasuwa, kowane fili da mai sharhinsa, da rubutun da ke bayyana ana zagaye na nawa, da ma'aikacin da ke lura kada wata hanya ta mutu ba a sani ba.

Wasan kwaikwayo ya fi wuya. A Disamba 2018 kamfanin Netflix ya fito da Bandersnatch, wanda Charlie Brooker ya rubuta, inda ake tsayar da mai kallo lokaci-lokaci a ba shi daƙiƙa goma ya zaɓar wa jarumin abin da zai yi. Don a sami fim ɗin da yawancin mutane ke gamawa cikin kamar minti 90, sai da aka ɗauki hoto na fiye da awa biyar, kamfanin kuma ya ƙirƙiri wata manhaja ta musamman don kawai marubuta su iya bin sawun rassan labarin. Ke nan an biya 'yan wasa da masu ɗaukar hoto kuɗin abin da akasarin masu kallo ba za su taɓa gani ba. An yaba wa fim ɗin, har ya ci lambar Emmy, amma bai haifi 'ya'ya da yawa ba. A ƙarshen 2024 Netflix ya janye mafi yawan shirye-shiryensa irin wannan, a Mayu 2025 kuma shi kansa Bandersnatch ya bi su. Ga alama mutumin da ya wuni yana yanke shawara a wurin aiki ba ya son a sake ɗora masa ita idan ya zauna hutawa da dare.

Akwai kuma matsalar lokaci. Hoton da ya biyo ta intanet sau da yawa yakan makara da rabin minti ko fiye a bayan wanda ya biyo ta iska, shi ya sa mai kallo a waya kan ji ihun maƙwabta kafin ya ga an ci ƙwallo. Ga mai shirya kacici-kacici ko zaɓen gwani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dole ne ya tsara lokacin rufe ƙuri'a yadda ba za a cuci wanda hotonsa ya makara ba.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne amana. Tashar da ta ce wa jama'a su zaɓa ta ɗauki alkawarin ƙidaya abin da suka zaɓa. A 2007 asirin tashoshin Birtaniya da dama ya tonu cewa suna karɓar kuɗin kiran waya na gasa bayan an riga an tsayar da mai nasara. Hukumar Ofcom ta ci BBC tarar fam 50,000 saboda shirin yara na Blue Peter, inda aka sa wata yarinya da ta zo ziyara ɗakin shiri ta yi kamar ita ce ta kira ta ci gasa. A 2008 kuma aka ci ITV tarar fam miliyan 5.675. Ban da wannan, hanyar da ke kai amsar mai kallo tana iya kai har abin da bai yi niyyar faɗa ba. A 2017 kamfanin Vizio na Amurka ya amince ya biya dala miliyan 2.2 bayan da hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta zarge shi da tattara bayanin abin da ake kallo a akwatuna miliyan 11 ba da sanin masu su ba.

A Nijeriya, inda talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya kuma iso Kaduna a 1962, al'amarin ya ɗauki wata hanya dabam. Wa'adin da ƙungiyar sadarwa ta duniya ta tsayar na komawa tsarin dijital, 17 ga Yuni, 2015, ya wuce ba a cika shi ba, sai a Afrilu 2016 aka fara gwajin a Jos. Gidajen da akwatinsu ke haɗe da intanet dare da rana ba su da yawa, ga tsadar data, ga kuma halin da wutar lantarki ke ciki. Saboda haka wayar hannu ce ta zama jan maɓallin mai kallo a nan. Da ita ake kaɗa ƙuri'a a shirin Big Brother Naija, da ita ake aika saƙo ga masu gabatar da shirye-shiryen kai tsaye, da ita kuma masu bin wasannin kwaikwayo masu dogon zango irin su Labarina ke kallon abin da ya wuce su a YouTube, suna bayyana ra'ayinsu a ƙarƙashin kowane kashi. Ɗaliban koyon aikin jarida da jami'an ma'aikatun watsa labarai na jihohi za su fi cin riba idan suka gina shirye-shiryensu a kan wannan na'ura da ke hannun jama'a, maimakon jiran akwatuna irin na Jamus.

Sa'an nan kada a manta da waɗanda sabon tsarin ke bari a baya. A Janairu 2020 BBC ta yi shirin rufe shafukan rubutu na jan maɓalli, magajin Ceefax, bisa hujjar cewa labaran duk suna intanet. Ƙungiyoyin makafi da na kurame suka kai takardar koke fadar Firayim Minista, suna cewa tsofaffi da naƙasassu da yawa ba su da wata hanyar karanta labarai sai ita. Ana saura kwana ɗaya a rufe, shugaban gidan na lokacin, Tony Hall, ya dakatar da umurnin.