Jaririn da bai yi kuka ba: yadda ake gane makomarsa kafin ranar suna

Idan naƙuda ta yi tsawo har iskar oksijin ta yanke wa jariri, ƙwaƙwalwa kan ji jiki. Iyaye a Zurmi ko Shinkafi abu guda suke son ji daga bakin ma'aikacin jinya: zai rayu, kuma zai tashi lafiya?

Makin Apgar da ake bayarwa a minti na farko da na biyar ba ya amsa wannan shi kaɗai. A ƙasashe masu hali, hoton MRI na ƙwaƙwalwa ne ke raba gardama. Amma a 1997 likitoci a Cape Town suka fito da ma'aunin Thompson, wanda ido da hannu kawai yake buƙata. Ana duba alamomi tara kowace rana, ciki har da kama nono, jijjiga, numfashi, sakin jiki da kumburin maɗiga. Makin na kaiwa 22. Wanda ya haura 15 yana cikin babban haɗarin mutuwa ko nakasa. Wanda ya koma daidai kafin kwana bakwai, galibi yakan tsira lafiya.

A wannan yanki makin ya wuce lissafin likita. Da shi za a iya yanke shawarar ko a ɗauki jariri a bi hanyar Ƙauran Namoda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, hanyar da 'yan bindiga suka sha tarewa. Sai dai ma'aunin ba ya aiki sai da ƙwararren da zai duba jaririn kullum, kuma ɗaukar irinsa aiki da biyansa albashi yana wuyan gwamnatin Zamfara.