Akwati Ɗaya, Ƙofa Biyu: Me Ya Sa Sakamakon Binciken Imel Yake Bambanta?

Akwatin Gmail yana da ƙofa fiye da ɗaya. Akwai shafin da mutum yake buɗewa a kwamfuta ya karanta saƙonninsa, wanda Google ya fito da shi a shekarar 2004. Akwai kuma ƙofar da aka tanadar wa manhajoji, wadda masu harkar suke kira API, ita kuwa sai a 2014 aka buɗe ta. Sau da yawa akan nemi kalma ɗaya ta ƙofofin biyu a ga lissafi bai zo ɗaya ba, har a ɗauka saƙonni sun ɓata. Ba abin da ya ɓata, yadda kowace ƙofa take ƙirga ne ya bambanta.

Shafin yana tattara saƙo da amsoshinsa ya mayar da su hira guda. A ce ɗan kasuwa da dillalinsa sun yi musayar saƙo 12, kalmar "rasit" ta fito a uku daga ciki. Shafin zai nuna layi ɗaya tak, in an danna duka 12 su bayyana. Manhajar da ta nemi jerin saƙonni kuwa uku za a miƙa mata, su ma lambobinsu kawai. Sai ta koma ta karɓo abin da ke cikin kowanne.

Haka kuma shafin yakan yi wa mai bincike kara. Idan ma'aikaci yana da adireshi biyu a akwati ɗaya na ma'aikatarsu, aka nemi saƙonnin ɗayan, shafin zai haɗo har da na ɗayan. API ba ruwansa da wannan: abin da aka rubuta masa shi zai kawo.

Batun kwanan wata ya fi rikita mutane. API yana ɗaukar farkon rana da tsakar daren yammacin Amurka, wato wajen ƙarfe takwas ko tara na safe a Kano da Maraɗi, gwargwadon lokacin shekara. Saƙon da ya shigo da asuba sai ya faɗa lissafin jiya. Maganin wannan shi ne a rubuta lokacin da adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairu 1970.

Sannan API ba ya zube sakamako gaba ɗaya. Yakan ba da 100 a karo guda, in an nemi ƙari iyakarsa 500, tare da wata alama da za a miƙa a karɓi kashi na gaba. Manhajar da ba ta bi alamar ba, guntun lissafi za ta kawo. Jimillar da yake ambatawa ma kiyasi ce.

Saboda haka kafin ka kwatanta sakamakon biyu, ka tabbatar abu ɗaya ake ƙirgawa, hira ko saƙo, da agogo ɗaya, kuma an karɓo kowane kashi har ƙarshe.