Shatar Mota Zuwa Kafanchan: Abin da Mai Iyali Zai Duba Kafin Ya Biya

Da zarar watan Disamba ya kama, tashoshin mota na Kaduna da Jos da Abuja sukan cika da magidanta masu neman hanyar kai iyalansu kudancin Jihar Kaduna. Waɗansu ganin gida za su don bikin Kirsimeti, waɗansu kuwa hutun makaranta ne ya ba su damar kai yara su buɗe ido a Kafanchan da Kagoro da Nok. Mutum ɗaya da jakarsa ba ya shan wuyar samun kujera. Amma mai gida da matarsa da 'ya'ya shida da tsohuwa, ga buhun shinkafa ga akwatuna, tilas ya yi tunanin ɗaukar shatar mota sukutum, kuma a nan ne lissafi yakan rikice wa mutane da yawa.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila, mai iyalin da ke son hutu mai rahusa yakan yi hayar wani ɗaki mai ƙafafun mota, wanda ke da gadaje da murhu da makewayi, ya ɗaura shi a bayan motarsa ya ja, duk inda dare ya yi masa nan ne masaukinsa. Sunan wannan ɗaki a Amurka tirela, watau sunan da mu nan muke kiran babbar motar da ke dakon siminti da shanu. Irin wannan haya ba ta zama al'ada a Nijeriya ba, kuma dalilin a fili yake. Shi Ba'amurke mota gare shi, wurin kwana yake nema. Mutumin Kagoro ko na Kwoi da ke aiki a Kaduna kuwa ɗakin kwana na jiransa a gidan ubansa, abin da zai kai shi can ne ya rasa.

ZAMANIN JIRGIN ƘASA

A da wannan matsala ba ta kai haka tsanani ba, don kuwa Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Cikin 1927 ne garin ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya nufi Kaduna, da reshen da ya hau zuwa Jos. Daga baya aka ja wani layin daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri cikin 1964. A wancan zamani mai iyali yakan yanki tikiti ya zuba kayansa a tarago, yara su yi barci a kan benci har a iso. Sa'an nan aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975, motar 504 mai dogon baya ta zama dokin tasha, jirgin fasinja kuma ya yi ta ja da baya. An yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, amma abin bai ɗore ba. Sabon layin da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna cikin 2016 bai bi ta Kafanchan ba, saboda haka duk nauyin ya koma kan titi.

Titin kuma ya yi tsada. Ran 29 ga watan Mayu na 2023, da Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin mai, babu ƙauyen da bai ji a jikinsa ba. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a garuruwa da yawa. Daga Kaduna zuwa Kafanchan ta hanyar Kachia da Zonkwa ya ɗara kilomita 200, kuma kowace kilomita da kuɗinta.

YADDA DIREBA KE LISSAFI

Wanda zai yi ciniki ya kamata ya san yadda abokin cinikinsa ke ƙirga. Direba yakan fara da kuɗin kujera ɗaya, ya ninka shi sau yawan kujerun motarsa, domin abin da zai samu ke nan in ya tsaya layi ya yi lodi. Sa'an nan ya dubi dawowa. Kafin Kirsimeti kowa kudu ya nufa, mota takan tafi maƙil ta komo wayam, don haka direba yakan ɗora man dawowar a kan mai shata. Bayan sabuwar shekara kuma al'amarin ya juya. Wanda ya iya tashi tun farkon Disamba, ko ya jinkirta komowa har tsakiyar Janairu, ya kauce wa wannan ƙari ba tare da ya roƙi kowa ba.

Abu na biyu shi ne girman mota. Iyali mai mutum tara ya fi ƙarfin ƙaramar mota mai kujera bakwai, amma bai cika bas mai kujera goma sha huɗu ko sha takwas ba, kuma kujerar da ba kowa a kanta ita ma an biya ta. Dabarar da mutanen yankin suka daɗe suna yi ita ce gida biyu ko uku 'yan gari ɗaya su haɗa kai, sau da yawa ta hanyar ƙungiyar garinsu ko majami'arsu ko masallacin unguwa, su ɗauki bas ɗaya su raba kuɗin bisa yawan kawuna.

Har ila yau akwai zaɓi tsakanin riƙe mota da sallamarta. Wanda ya riƙe mota kwana biyar zai biya kuɗin jira, ya ciyar da direba da yaronsa, ya ba su wurin kwana. Galibi ya fi sauƙi a yi shatar zuwa kawai, in an sauka a Kafanchan a nemi motar gari ko Keke Napep don gajerun tafiye-tafiye, a biya na yini.

ABIN DA ZA A YANKE TUN A TASHA

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai shata da direba a tsakiyar hanya daga abin da ba a faɗa ba ne tun farko. Wajibi ne a yanke waɗannan a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi ta tashar, in da hali a rubuta: wane ne zai sayi mai, ko kuɗin ya haɗa da kai iyali har ƙofar gida a ƙauye, ko kuwa a tashar Kafanchan zai tsaya, ko direba na da izinin ɗaukar wani fasinja ko kaya a hanya, in mota ta lalace, wa zai biya bakanike, kuma wa zai nemo wata. Kada a ba da kuɗi duka a dunƙule. A ba da kafin alƙalami, sauran sai an sauka lafiya.

Motar da aka samu a bakin titi takan fi ta cikin tasha araha, domin ba la'adar ɗan kamasho a kanta. Amma araha ba ta ado. Motar tasha an san direbanta, an san lambarta, in wani abu ya faru akwai inda za a kai ƙara. Mai gida ya zagaya motar da kansa, ya dubi tayoyi da safaya da jak, ya sa a taka birki a kunna fitilu, ya nemi ganin lasin da takardun mota, kada jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su tsare iyalinsa awa biyu cikin rana a kan laifin wani.

Akwai kuma ragin da bai kamata a karɓa ba ko kusa. Direba yakan sauko da kuɗi in an yarda a tashi da yamma, bayan ya gama jigilar yini. Kudancin Kaduna ya sha fama da tashe-tashen hankula da satar mutane a waɗansu hanyoyinsa, ga gajiyar direba ga ramuka. A tashi da sassafe a isa da rana tsaka, a kuma tambayi mutanen gida halin da hanya take ciki kafin a kama ta.

ABIN DA ZA A GANI

Wanda ya tsare kuɗinsa a tasha zai sami na kai yara wuraren da suka cancanci wahalar. Kagoro na nan kusa da Kafanchan a gindin dutsenta, inda ake bikin Afan ran 1 ga watan Janairu kowace shekara, mafarauta da makaɗa da masu rawa su taru a fadar sarki. A ranar motoci kan yi wuya, don haka a shirya da direban gari tun jajibere. Kusa da Madakiya akwai Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ko da yake ya fi cika da damina, wajen Agusta da Satumba. Ƙauyen Nok kuwa, a ƙasar Jaba kusa da Kwoi, shi ne inda masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu cikin 1928, abin da ya kai ga gano wata tsohuwar al'umma da ayyukanta suka haura shekara 2,000. Zuwa can yana son mota ta yini guda, a kuma komo kafin la'asar.

Magidancin da ya san ranar tashinsa, ya sami abokan raba kuɗi, ya yanke magana a gaban shaidu, shi ne zai komo a watan Janairu da sauran kuɗin makarantar yara a aljihunsa.