Igiyar Wayar Salula da 'Ya'yan Dabbobi Masu Tasowa

Duk na'urar da ke aiki da lantarki tana fitar da wani ƙarfi da ido ba ya gani, wanda masana kimiyya ke kira maganaɗisun lantarki. Ta irin wannan igiya ce wayar salula da turakun sadarwa ke aika saƙo. Abin tambaya shi ne, ko tana yi wa ɗan tayi da jariran dabbobi illa, tun da a wannan lokaci ne gaɓoɓi ke ginuwa, ƙwayoyin halitta kuma ke rarrabuwa da sauri?

Abin da babu gardama a kansa shi ne zafi. Igiyar rediyo mai ƙarfi sosai tana ɗumama naman jiki, kuma duk mai kiwon kaji ya san cewa idan zafin injin ƙyanƙyasa ya wuce kima, ƙwai kan lalace ko 'yan tsaki su fito da nakasa. Gardamar tana kan igiyar da ba ta kai ta ɗumama jiki ba.

A shekarar 2018 wata hukumar gwamnatin Amurka mai binciken guba, wato NTP, ta fitar da sakamakon wani dogon bincike. An sa ɓeraye cikin igiyar salula tun suna cikin uwa, kimanin awa 9 kullum, minti 10 a kunna minti 10 a kashe, har tsawon shekara 2. 'Ya'yan da aka haifa ba su kai nauyin takwarorinsu ba, amma daga baya suka kamo su. An kuma samu mugun ƙari a zuciyar wasu mazan, matan kuwa ba a samu hujja bayyananniya a kansu ba. Abin mamaki, mazan da suka sha igiyar sun fi waɗanda ba su sha ba tsawon rai! Ya kamata mai karatu ya lura cewa dukkan jikin ɓerayen aka yi wa ruwan igiya, kuma mafi ƙarfinta ya ninka abin da aka yarda waya ta kai jikin mutum sau 4. A ganina, wannan ya hana a ɗora sakamakon kai tsaye a kan mace mai ciki da ke riƙe da waya a kunne.

Tun a 2011 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan igiya a rukunin 2B, wato abubuwan da "mai yiwuwa ne" su haddasa daji, rukunin da hujjarsa ba ta kai ta yanke hukunci ba.