BAYANI DALLA-DALLA: A sayar ko a ci gaba da karɓar haya? Lissafin da ke gaban masu gidaje a Kankiya da Kusada

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni, tambayar da aka saba ji a manyan birane ta sauko ƙananan garuruwa: mai gidan haya ya sayar ya huta, ko ya riƙe? A Kankiya da Kusada ba attajirai kaɗai ke yin ta ba. Akwai ɗan fansho da ya zuba garatutinsa a ɗakuna huɗu, akwai magadan da uba ya bar wa gida ɗaya su goma sha biyu.

Abin dubawa na farko shi ne wane ne ɗan hayar. A Kankiya ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ne, da ma'aikatan babban asibiti, da malaman makaranta, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, sai kuma iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka taso daga ƙauyuka. Aljihun waɗannan ba ya tafiya tare da kasuwa. Mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne, alhali Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024. Mai gidan da ya ce zai ƙara haya daidai da haka, ɗakinsa zai kwana babu kowa.

A ɗauka, don misali kawai, gida ya yi kuɗi Naira miliyan 12, hayarsa kuma 480,000 a shekara. Kashi 4 cikin 100 ke nan. A cire gyaran rufi bayan damina, da yasar masai, da ɗakin da ya yi wata uku a rufe, da ɗan uwan da kunya ta hana a tambaye shi, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. A kan takarda dai, sayarwa ta fi.

Sai dai gida a waɗannan garuruwa ma'ajiya ce kafin ya zama sana'a, kuma a nan lissafin ke juyawa. Wanda ya sayar a farkon 2023 ya bar kuɗin a banki, ya karɓe su lokacin da Dala take wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Buhun simintin da bai kai Naira 5,000 ba a wancan lokaci ya taɓa 10,000 a wasu wurare cikin Fabrairun 2024. Kuɗin da ya karɓa ba za su sake tayar masa da irin ginin da ya rabu da shi ba. Saboda haka, a ganina, wanda bai san inda kuɗin za su shiga washegarin ciniki ba, bai shirya sayarwa ba.

Wuraren zuba su kuwa ba su da yawa. Shanu, waɗanda su ne bankin bakatsine tun kaka da kakanni, sun zama abin da ke kiran ɓarayin daji har gida. Mai gudun riba yana da takardun Sukuk na Gwamnatin Tarayya, da aka fara fitarwa a 2017. Na watan Mayun 2025 ya zo da kashi 19.75 cikin 100 a shekara. Ya ninka hayar misalinmu kusan sau biyar, amma uwar kuɗin ba ta ƙaruwa kamar yadda fili ke ƙaruwa.

Ba kuma kowane fili ke tashi ba. Kankiya tana bakin titin Kano zuwa Katsina, wanda ake aikin mayar da shi tagwaye, don haka shago ko gida kusa da kwalta yana da masu nema. Garin Kusada yana daga ciki, masu saye kaɗan ne, kuma da zarar dillali ya shinshino cewa mai gida a matse yake, tayin wulaƙanci zai biyo baya. Masu jiran jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya ɗaga musu farashi su sani cewa layin ta Kazaure da Daura ya bi.

Sai batun takardu, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna: mai takardar shaidar mallaka yana buƙatar amincewar gwamna kafin ya sayar, filin gargajiya kuma amincewar ƙaramar hukuma. Takardar da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da amfani, amma mai saye daga Kano ko Abuja zai rage kuɗi saboda ita. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta kuma sauya tsohon harajin kashi 10 cikin 100 na ribar sayar da kadara, ta mayar da shi bisa ma'aunin harajin kuɗin shigar mutum.

Idan gidan na gado ne da ba a raba ba, akwai ƙarin sharaɗi. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin magada ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin da aka yi ciniki su karɓe kason. Wanda ya saya ba tare da jin ta bakinsu ba, yana iya samun sammacin kotun shari'a kafin ya gama fenti.