Jita-jitar waya a Gusau, Tsafe da Bungudu: wacce za a riƙe, wacce za a zubar?

A ranar 3 ga Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu ne. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, sauran jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin mayar mata. Mutane suka riƙa shiga mota ta hanyar Tsafe zuwa Funtua don kawai su buga waya, har ita ma Funtuwar aka yanke mata. Masu POS suka naɗe lema, mai ɗa a makaranta a wani gari ya rasa yadda zai tura masa ko sisi.

Wanda ya ga wannan da idonsa, in aka ce masa gobe za a toshe duk wata tsohuwar waya, ba wauta ba ce in ya yarda. Ya taɓa kwana da sabis ya wayi gari babu. Saboda haka ban ga laifin dattijon da ke tura wa 'ya'yansa duk saƙon murya da ya shigo masa ba. Abin da ke damuna shi ne yawancin saƙonnin nan suna tsorata mu ne da abin da ba ya cutarwa, abin da ke cin kuɗinmu da lafiyarmu kuma ba mai yi masa shela.

Tsohuwar cikinsu ita ce ta lambar da ke kisa. A Satumbar 2011 aka baza cewa duk wanda ya amsa kiran 09141 zai faɗi ya mutu, har NCC ta fito ta ƙaryata. Tun daga lokacin labarin ke dawowa da sabuwar lamba, wani lokaci a ce jan rubutu take fitowa da shi, wani lokaci a ce jini ke zuba ta kunne. Ƙarya ce. Kira murya kawai yake ɗaukowa, kuma ƙarfin da waya ke fitarwa ɗaya ne ko wa ya kira. Amma akwai kiran da ke yin ɓarna, kuma da lamba irin ta kowa yake zuwa, da sallama da ladabi. Mutum zai ce, "Alhaji, daga ƙungiyarmu ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka wasu lambobi shida, karanto mini in saka sunanka." Lambobin nan shida mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Kana karanta su ya shige, kai kuma an fitar da kai, kafin la'asar ya bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka yana neman rancen gaggawa. Haka ma mai cewa daga banki yake, za a rufe asusu sai an ba shi lambar katin ATM ko wadda aka turo ta tes. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya. Maganin na WhatsApp yana cikin saitinsa: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri ta kai. A sa wa layin ma kansa lambar sirri, domin ɓarawon waya a yau sau da yawa layin yake so, ya sa shi a wata wayar ya gwada kwashe kuɗin asusu.

Ta 5G ba ta buƙatar dogon bayani. An ce ita ta kawo korona. Korona ta shigo Najeriya a Fabrairun 2020. Gwanjon lasisin 5G sai a Disambar 2021 aka yi shi, inda MTN da Mafab kowanne ya biya dalar Amurka miliyan 273.6, kuma sai a 2022 MTN ya fara aiki da ita a birane bakwai, Kano da Maiduguri na ciki, Gusau ba ta ciki. Cuta ta riga na'urar zuwa da fiye da shekara biyu. Zuwan 5G kuma bai kashe wayar kowa ba. Mai ƙaramar waya ta tocila yana nan yana kiransa.

"Gwamnati na sauraron kowa" ita ce ke da rabin gaskiya, kuma a jiha irin tamu ya kamata a rarrabe ta da kyau. Saƙon da ke yawo cewa in ka ga alamar karantawa ta zama uku to hukuma ta karanta saƙonka, ƙirƙira ce, WhatsApp ba shi da alama ta uku. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, kamfanin layi ba ya iya karanta su a hanya. Sai dai abin da ka rubuta a zauren mutum ɗari biyu ba sirri ba ne, kowa na iya ɗaukar hotonsa. Kiran layi na yau da kullum kuwa daban ne. Akwai ƙa'idar NCC ta 2019 da ta ba hukumomin tsaro damar sauraron kira bisa sharuɗɗan doka, kuma kamfani ya san wace eriya wayarka ke kamawa, wato ya san yankin da kake. Batun toshe layin da ba a haɗa da NIN ba shi ma gaskiya ne: an fara maganar a Disambar 2020, aka yi ta ɗage wa'adi har na ƙarshe a 14 ga Satumbar 2024.

Daga nan ne maganar wayar sata ke fitowa. Samari da yawa sun ɗauka in aka yi wa waya filashin shi ke nan, ta zama sabuwa. Filashin yana goge abin da ke ciki ne, ba ya goge lambar IMEI, lamba 15 da kowace waya ke sanar da eriya duk lokacin da aka sa mata layi. Shi ya sa in an bi sawu, wanda ake tararwa da ita shi ake fara kamawa, ko da kuɗinsa ya saya. Kafin ka biya kuɗin waya ta hannu, danna *#06#, ka gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali, ka karɓi rasit mai sunan shago da wannan lambar a rubuce. In mai sayarwa ya ce ya manta lambar sirrin iCloud ko ta Google amma "yara za su buɗe maka", mayar masa da abarsa. Araha ba ta ado.

Wasu jita-jitar kuma sun tabbata, bai kamata a haɗa su da sauran a yi musu dariya ba. Shekaru mutane na cewa Apple na rage wa tsofaffin iPhone gudu, ana ce musu zargi ne. A Disambar 2017 kamfanin ya amsa cewa yana yi wa waɗanda batirinsu ya tsufa, wai don kada su riƙa mutuwa ba zato, kuma a 2020 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayar ba. A 2020 ɗin dai masu bincike suka gano wata muguwar manhaja da ta zo tun daga masana'anta a cikin dubban wayoyin Tecno W2 a wasu ƙasashen Afirka, tana yi wa mutane rajistar abin da ba su nema ba. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya ce daga wani mai kawo masa kaya ne matsalar ta fito, kuma ya fitar da gyara. Samfuri ɗaya ne tsoho, ba hujja ba ce ta cewa duk wayar Sin leƙen asiri take yi.

Sai masu gyara, waɗanda aka fi ɗora wa laifi. Duk wanda ya shiga Bebeji Plaza a Gusau ya ga yadda matasa ke duƙe a kan tebur, ga fitila, ga na'urar hura iska mai zafi, ga ɗan hantsaki, suna ɗaga abin da bai kai ƙwayar gero ba daga jikin allon waya. Sana'a ce ta gaske, kuma tana ciyar da gidaje. Cewa duk mai gyara yana cire kayan asali ya sa na bogi zalunci ne. Abin da yake gaskiya shi ne sikirin hawa-hawa ne. Akwai na asali da aka ciro daga wata wayar, akwai kwafi mai kyau, akwai mai arha wanda haskensa ke dusashewa a rana kuma yana shan batir. Yawancin rigimar daga ciniki take farawa: mai waya ya matsa a kan kuɗin kwafi, ya tafi yana zaton orijinal aka sa masa. A yi maganar a fili kafin a kwance noti. Sabbin iPhone ma suna nuna tarihin kayan da aka canja a cikin saiti. Can ne kuma ake gane iPhone XR da aka sauya wa riga ta koma kamar 13 ko 14, abin da ya cika kasuwanni daga Farm Centre ta Kano har Ikko. In an faɗa wa mai saye, ciniki ne halal. In an ɓoye, ha'inci ne. Batun hotuna kuwa, kada a bar shi ga amana kawai. Canjin sikirin ko wurin caji ba ya buƙatar a bar wa mai gyara lambar buɗe waya ya kwana da ita. A cire layi da memori, in ana son gwaji a buɗe a gabansa. Mata musamman su riƙe wannan.

Wayar da ta faɗa ruwa, shinkafa ba ta ceto ta. Apple da kansa ya ce kada a yi, don ƙura da gutsattsarin shinkafar na iya shiga ciki. A kashe ta, kada a jona caji, a kai a buɗe a busar tun tsatsa ba ta kama ba. Cewa sabuwar waya sai ta yi awa takwas a caji kafin a taɓa ta, wannan dokar tsofaffin batira ce, na lithium na yanzu ba ruwansu da ita. Kwana a caji ma ba ya fasa waya mai lafiya da caja mai kyau, tana yanke wutar da kanta. Babban abokin gaban batir a nan zafi ne. Masu ƙera waya suna ba da shawarar kada yanayin da take aiki ya wuce digiri 35, mu kuwa a Maris da Afrilu muna haura 40. Ka duba rumfar mai caji a Tsafe ko Bungudu ranar da babu wuta: wayoyi jere a kan katako, wasu kan wasu, kwano a sama, janareta na ruri a gefe. Zafin rana ga zafin caji. A cire rigar roba kafin a miƙa, kada a bar waya a gaban mota ko ƙarƙashin matashi tana caji. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi kuma ba a danna shi, ba a huda shi da allura don "iska ta fita". Wannan shi ke kamawa da wuta.

Masu cewa data ta fi saurin ƙarewa ba mafarki suke ba, amma dalilin biyu ne. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Sannan sabuwar waya mai babban sikirin tana janyo bidiyon TikTok da Facebook mafi nauyi, tana sabunta manhajoji da kanta, WhatsApp na sauke duk abin da aka watso a zaure. Saitin waya yana nuna wace manhaja ta sha nawa. In lissafin bai yi daidai ba kuma kamfani ya ƙi saurara, lambar ƙorafi ta NCC 622 ce, kyauta.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da masu shagunan buga takardu sun ji cewa kwamfuta mai Windows 10 za ta daina aiki. Abin da ya faru a 14 ga Oktobar 2025 shi ne Microsoft ya daina aiko mata gyaran tsaro na yau da kullum. Tana tashi, tana buga takarda, sai dai duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano daga baya ba lallai a toshe ta ba. Mai sayen laftof ta hannu yanzu ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11 a ƙa'ida, wanda galibi ke nufin injin Intel zubi na 8 zuwa sama.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta agogon hannu, don ita ba tsoratarwa take yi ba, kwantar da hankali take yi a inda bai kamata ya kwanta ba. Ana tallar agogo na 'yan dubbai a ce yana auna hawan jini da suga. Yaro ya saya wa mahaifiyarsa da kyakkyawar niyya, ita kuma ta duba ta ga lamba mai kyau ta ce ai ta warke. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ko na wane kamfani ne. Abin da agogo mai kyau ke iyawa shi ne ƙirga bugun zuciya da koren hasken nan na bayansa, da ƙirga taku. Na Samsung masu auna hawan jini ma sai an daidaita su da na'urar ɗaurawa a dantse duk mako huɗu. Mai arhar kuwa gwada shi ba wuya: cire shi daga hannu, ɗaura a jikin gorar ruwa, ka danna awo. In ya ba ka bugun zuciya da hawan jinin gora, to lambobin da yake ba Hajiya ma ƙirƙirarsu yake yi.

Mai ciwon suga da ya rage magani ko ya ƙara allura bisa irin wannan lamba, balle a watan azumi, yana iya faɗuwa sumamme. Ya ci gaba da ɗaura agogonsa don duba lokaci da ganin mai kira. Suga a soki yatsa a ɗiga jini a na'urar awo, hawan jini a ɗaura abin awo a dantse, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko a babban asibitin Tsafe ko na Bungudu, ko a ƙaramin asibitin unguwa, kuma kada a taɓa adadin magani sai likita ya ce.