Kirista a Birniwa: Ina katin zaɓenka?

Idan kai matashi ne Kirista da ke zaune a Birniwa, ko Haɗeja, ko Malam Madori, na san ka taɓa jin wannan magana, wataƙila ma daga bakinka ta fito: ai mu 'yan tsiraru ne a Jigawa, ƙuri'armu ba ta canza komai, kuma siyasa ƙazanta ce, ba ta dace da mai bi ba. Daga nan sai a koma Facebook a yi ta ƙorafi.

To, tsaya mu duba. Sashe na 10 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na gwamnati, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin addininsa. Gaskiya ne Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a 2000, kuma har gobe ana musu kan yadda za a fassara sashe na 10. Amma ranar zaɓe, ƙuri'ar liman da ta fasto nauyinsu ɗaya.

Batun ƙazanta kuwa, Yusufu a fadar Fir'auna ya yi aiki, ya tara hatsin da ya ceci jama'a daga yunwa. In kana son misali na kusa, ga Farfesa Ishaya Audu, likita, Kirista ɗan ƙasar Zazzau: ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya tsaya mataimakin Azikiwe a zaɓen 1979, sun faɗi, amma ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a ƙasar Haɗeja ba ta tambayi kowa inda yake ibada ba. Kachalar da ke toshe hanyoyin kogi, ita ma haka. Wa zai tayar da maganar yashe kogi a majalisa? Ɗan majalisar Birniwa, Guri da Kirikasamma, wanda ka ƙi fita ka zaɓa. Wa ke kusa da rabon tallafi? Kansila da ciyaman. Ɗan siyasa kuwa lissafi yake yi: unguwar da ba ta fita zaɓe, ba ya ɓata manta a kanta.

Kar ka ce kai kaɗai ne mai wannan lalaci. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, ko kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba su fito ba, Musulmi da Kirista duka. Alhali tun 2018 doka ta ba ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha.

In rajistarka na garin iyayenka, Zonkwa ko Langtang, kai kuma nan kake kwana kake tashi, INEC na ba da damar sauya rumfa lokacin sabunta rajista. Ofishinta na nan a hedikwatar ƙaramar hukuma.